Gasa ƙananan kaya da yawa a obin ɗaya: me ya sa fentin hoda ke fitowa kala-kala?

Mai Biraket ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da masu sana'a. Ina neman haske a kan fentin hoda, irin wanda ake fesawa da bindigar lantarki sannan a gasa a obin.

Kayan ƙanana ne. Biraket ne masu kusurwa, na ƙarfe mai kaurin milimita 2, kowanne bai fi tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 150. Akwai kuma washa masu faɗi da sukurori M8, wato masu kaurin milimita 8, da ake ɗaure su da su. Hodar fara ce mai sheƙi, foliyesta, a jikin kwalinta an rubuta digiri 200 na minti 10. Obin ɗin na lantarki ne, kilowat 6, da fanka ɗaya a bayansa. Saboda tsadar wuta, ana jera kayan a farantan raga guda huɗu, a fesa su a nan kan farantin, a jera farantan hawa-hawa da tazarar kamar yatsa huɗu, a tura ciki. Lodi ɗaya biraket 400 ne. Ana jira agogon obin ya koma 200, a ƙirga minti 15 don a tabbatar, sai a fitar.

Ga abin da ke fitowa. Na farantin sama da na gefe-gefe sumul suke, suna ƙyalli, amma waɗanda ke kusa da waya mai zafi sun ɗan yi ruwan ƙwai. Na tsakiyar faranti na biyu da na uku fuskarsu kamar ɓawon lemo, ƙyallin ya dushe, in aka buga ɗaya da ƙasa fentin ya ɓantare a kusurwa. Wasu sun manne da juna, in an raba su ɗaya ya tafi da fentin ɗaya. Bayansu duk zanen raga ne. Washa kuwa bibbiyu suke fitowa, sukurori kuma noti ba ya hawa.

Hodar ce ba ta da kyau, ko obin ɗin? Kuma akwai hanyar da za a gasa ƙananan kaya a tsibi ba tare da fuskarsu ta lalace ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Obin ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, hodarka ba ta da laifi, tunda na sama sun fito sumul daga kwali ɗaya. Matsalar tana wajen lissafin lokaci. Minti 10 da aka rubuta a kwali ba daga lokacin da agogon obin ya nuna 200 ake ƙirga shi ba, daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai 200 ne. Agogon nan zafin iska yake aunawa, kuma galibi bakinsa yana kusa da wayoyin zafi. Iska takan yi zafi cikin 'yan mintoci, ƙarfe kuwa sai ya sha.

Mu yi lissafi da kayanka. Biraket 400 sau giram 150 kilo 60 ke nan, farantai huɗu mu ce kilo 20, jimla kilo 80. Kowane kilo na ƙarfe yana cin kusan kilojul 0.49 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga digiri 30 zuwa 200 digiri 170 ne. Idan ka ninka, kana bukatar wajen kilojul 6,700, wato kusan yunit 1.85 na wuta. Obin mai kilowat 6, ko da ɗigon zafi bai ɓata ba, sai ya yi minti 18 zuwa 19 kafin ya ba da wannan. A zahiri kuwa bango yana sha, bakin ƙofa yana fitarwa, kuma da zarar iska ta kai 200 na'urar ta riƙa yanke wutar tana mayarwa. Kai ƙarfen tsakiya 200 zai iya cin rabin awa ko fiye. Ke nan lokacin da kake fitar da kaya, na tsakiya watakila ko 170 ba su kai ba, na gefe kuwa sun daɗe da nuna har sun fara ƙonewa. Ruwan ƙwan da ka gani alamar wuce gashi ce, ɓantarewar kuma alamar rashin nuna.

Ɓawon lemon shi ne abin da mutane ba su cika fahimta ba, don haka bari in tsaya a kansa. Hoda tana bin matakai a cikin obin. Wajen digiri 80 zuwa 100 ƙwayoyinta su narke su haɗu. Daga nan ta tsinke kamar zuma a rana, ta kwanta, tuddai su baje. Sai sinadarin ɗauri da ke cikinta ya fara aiki, ta yi danƙo, ta daina gudu. A digiri 180 zuwa 200 wannan ƙullewar ba ta wuce minti biyu zuwa huɗu. Duk kyan fuska a tsakanin narkewa da ƙullewa ake samunsa, bayan nan komai daɗewa a obin ƙarfi kawai yake ƙarawa, ba santsi ba. Idan ƙarfe ya hau zafi da sauri, hodar tana tsinkewa sosai kafin ta ƙulle, sai ta fito kamar madubi. Idan kuwa ya riƙa rarrafe a 120 zuwa 150 na tsawon lokaci, ɗaurin yana farawa a hankali alhali ba ta tsinke ba, sai ta ƙulle da gudajinta. Abin da ke faruwa a tsakiyar farantanka ke nan, domin farantin sama da na ƙasa sun tare musu iska, kuma kowane biraket maƙwabcinsa mai sanyi yana janye masa zafi.

Abin yi na farko shi ne ka san zafin ƙarfen. Nemi wayar auna zafi nau'in K da ƙaramar mitarta, ba ta da tsada. Huda biraket guda da ba a fesa ba, ka ɗaure bakin wayar da sukuru ya matsu da ƙarfen sosai, ka ajiye shi a tsakiyar faranti na uku. In da hali ka sa ta biyu a wanda ya fi kusa da wayoyin zafi. Fito da wayoyin ta gefen ƙofa, ka riƙa rubuta zafi kowane minti biyu. Bindigar auna zafi mai jan haske ba za ta yi maka wannan aikin ba: sai ka buɗe ƙofa, zafi ya zube, kuma ba ta hango tsakiyar lodi. Abin da kake so shi ne na tsakiya ya kai 200 cikin minti 10 zuwa 15, kuma bambancinsa da na gefe kada ya wuce digiri 10. Da kilowat 6 wannan yana nufin kilo 25 zuwa 30 a lodi ɗaya, ba 80 ba. Ka fara zafafa obin babu kaya har bangonsa ya ƙoshi, wajen rabin awa, kafin lodin farko.

Don sanin ko fenti ya nuna, bari ya huce, ka jiƙa auduga da sinadarin MEK, wani ruwa mai narkar da fenti kamar tina, ka goga gaba da baya sau 50 da matsakaicin ƙarfi. Wanda ya nuna ƙyallinsa zai ɗan ragu kawai. Wanda bai nuna ba zai yi laushi, farin ya biyo audugar. Sai gwajin yanka: da sabuwar reza ka ja layi shida a tsaye, shida a kwance, tazarar milimita 2, har reza ta taɓa ƙarfe, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge. In ƙananan murabba'an suka biyo salatif, ko gashi bai kai ba ko wanki bai yi ba. Waɗanda ba su nuna ba za ka iya mayar da su obin su cika lokacinsu, za su yi ƙarfi. Amma ɓawon lemon ba ya gyaruwa da ƙarin gashi, sai an goge da samfefa mai lamba 240 zuwa 320 an sake fesawa.

Dattijon Feshi ya amsa:

Injiniya ya gama magana a kan zafi. Ni a kan taɓa juna zan ƙara, domin ko obin ɗinka ya zama na kamfani, muddin kaya suna kwance a raga suna gogar juna, fuska ba za ta yi kyau ba.

Ɗana, fentin hoda mai kauri ne. Maikiron 60 zuwa 80 ake so (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kusan kaurin gashin kai, kuma dukkansa yana zama ruwa a lokaci guda. Duk abin da ya taɓa shi a wannan lokacin, waya ce ko ɗan'uwansa biraket, ruwan zai kewaye shi ya daskare a haka. Shi ya sa kake ganin zanen raga mai kaifi a baya, kuma a gindin zanen ƙarfe tsirara ne, nan tsatsa za ta fara da saukar damina. Washa ta fi kowa wahala saboda shafaffiya ce, in biyu suka haɗa fuska ruwan fentin ya shiga tsakaninsu ya zama gam.

Rataya ita ce maganin. Yi firam na ƙarfe mai sanduna a kwance, ka jera ƙananan ƙugiyoyi na waya mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, ka rataya kowane biraket ta hujin sukurunsa, yadda tabon ƙugiya zai ɓuya a ƙarƙashin kan sukuru in an ɗaura. Bar tazarar santimita 4 zuwa 5 tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma santimita 15 daga bango da wayoyin zafi. Jera su yadda iskar fanka za ta bi ta tsakaninsu, kada faffaɗar fuskarsu ta tare ta. Kada ka haɗa mai kauri da siriri a layi ɗaya, tunda ba tare suke nuna ba. Washa kuma a zura kowacce a ƙugiyarta, ba a jera su a sanda ɗaya ba.

Ka kula da ƙugiyoyin nan. Hoda tana kama ƙarfe ne saboda aikin yana haɗe da ƙasa ta waya. Bayan gashi uku ko huɗu fenti ya lulluɓe bakin ƙugiya, haɗin ya yanke. Sai ka ga biraket ɗaya ya sha hoda, na kusa da shi ya ƙi, mai feshi ya ƙara matsawa, wani ya yi maikiron 40 wani 130. Wannan ma yana kawo kala-kala a lodi ɗaya, mutum ya ɗora wa obin laifi. Ƙa'idar ita ce in aka auna da mita yadda ake tare wa lantarki hanya tsakanin kaya da ƙasa, kada ya wuce megohom ɗaya. A kankare bakin ƙugiya da fayil ko a ƙona ta a goge. Ga cikin kusurwar biraket kuma, hoda ba ta son shiga lungu, gefuna ke fizge ta. Rage ƙarfin bindiga daga kilobolt 70 ko 80 zuwa wajen 40 ko 50, ka fara da lungun, sannan ka bi sauran jiki daga nisan santimita 20 zuwa 25.

Wani wurin da ake ɓata aiki bayan an gama wahala shi ne wajen sauke kaya. Fentin da ya nuna ma yana da taushi in yana da zafi. Kada a zuba su a kwali ko buhu sai hannu ya iya riƙe su ba tare da jin zafi ba, wato ƙasa da digiri 50. In aka tsiba su da ɗumi, nauyin na sama ya buga tambari a na ƙasa.

Mai Biraket ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Baba. Rataya 400 ɗaya bayan ɗaya aiki ne, amma na fahimta. Tambaya ta biyu: in aka rataya su aka gasa na ɗan lokaci har hodar ta ƙulle, za a iya sauke su a zuba a kwando, a tara lodi uku a ƙarasa gashin gaba ɗaya? Sannan sukurorin fa, yaya kamfanoni suke yi da su, tunda ba na jin suna rataya sukuru dubu ɗari?

Mai Noti da Washa ya amsa:

Yallaɓai, a kan sukurori tukuna. Fentin hoda ba ya zama a kan zaren sukuru ko yaya aka gasa shi, lissafi ne ya hana. Haƙoran zare suna da kusurwar digiri 60, don haka duk kaurin da ka shafa yana ninkuwa sau huɗu a faɗin da noti ke hawa. Maikiron 70 ya zama 280. Sararin da aka bari a sukuru M8 na yau da kullum, mai zare aji 6g, maikiron 28 ne kacal, wato shafin da bai wuce maikiron 7 ba yake ɗauka. In dole kan sukuru ya zama fari, huda faranti layi-layi, ka zura sukurorin kai a sama zare a ƙasa, ka fesa kawunan kaɗai. Ko ka rufe zaren da hular roba ta silikon mai jure zafi. Noti mai zoben roba a ciki kuwa kada ya shiga obin ko kaɗan.

Kamfanoni suna gasa sukurori a tsibi, gaskiya ne, amma ba da hoda ba. Hanyarsu ita ce tsomawa da wulwulawa. Ana wanke maiƙo, a buge kayan da ƙananan harsasan ƙarfe, a zuba su a kwandon raga, a tsoma a ruwan fenti mai ɓarɓashin zinki da alminiyam, a ɗago, a wulwula kwandon da juyi ɗari biyu zuwa ɗari uku a minti, hagu sannan dama, rarar ta fice. Daga nan a juye su a kan bel ɗin raga a baje. Su fara bi ta ɗakin shan iska mai digiri 60 zuwa 100 na kamar minti 10, sannan su shiga gashi. Nau'in da ake damawa da ruwa, irin su Geomet, yana son wajen digiri 300 ko ɗan sama, masu tina kuma 200 zuwa 250. Ma'aunin ISO 10683 shi ke tsara wannan shafi a kan sukurori. Tsohon nau'in, Dacromet, yana da sinadarin kuromiyam mai guba, wanda Tarayyar Turai ta hana a shafin kare tsatsa na motoci tun daga Yulin 2007.

Abin da ya sa wannan ke jure tsibi shi ne siranta. Shafi ɗaya maikiron 4 ko 5 ne, kuma ya bushe kafin ya shiga zafi mai ƙarfi, babu tafkin ruwan da zai manne kaya. Duk da haka inda biyu suka taɓa juna tabo yana fita. Shi ya sa ba a yin shafi ɗaya, sai biyu, wani lokaci da na uku a sama: a zagaye na biyu kayan sun sauya kwanciya, tabon farko ya rufu. Jimla maikiron 8 zuwa 12, ya ɗan haura 7 ɗin da na ambata a sama, amma bai ko kusanci 70 na hoda ba. Kuma zinkin yana kare ɗan wurin da ya buɗe, abin da fentin hoda ba ya yi. Fuskar da ake samu toka-toka ce mai dushi-dushi, ba wanda ke neman madubi a nan.

Kurakuransa sanannu ne. In ruwan ya yi kauri ko wulwulawa ta yi kaɗan, ya taru a ramin kan sukuru har sukudireba ta ƙi shiga, ya cike gindin zare. In an cika kwando, na tsakiya ba sa zubar da rara. In an tsallake shan iska, ruwan da ke ciki ya tafasa ya bar ƙuraje. In an tula su da tsayi a bel, na ƙasa ba sa nuna, su riƙa barin toka a hannu. Washa shafaffu har a nan suna mannewa, sai an haɗa da girgiza bel ko a koma fesawa a rataye. Amfaninsa babba ga sukurori masu ƙarfi, aji 10.9 da 12.9, shi ne ba a jiƙa su a asid ba a kuma sa musu lantarki, don haka iskar haidurojin ba ta shiga ƙarfen ta sa ya karye ba zato.

Akwai kuma ganga mai juyawa, wadda ake yi wa maɓallai da kan zif da zoben roba. Ana ɗumama kayan suna birgima, a riƙa fesa fenti kaɗan-kaɗan yana bushewa nan take. Tana ba da launi ko'ina babu tabon ƙugiya, amma gogar juna tana kashe ƙyalli. Ga ƙaramin shago, sayen sukurori da washa da aka riga aka shafa musu zinki ya fi sauƙi, a bar obin ga biraket.

Batun ƙullewa sannan a tsiba, ni ban ba da shawararsa ba. Fentin da ya ƙulle bai nuna ba, in ya koma 200 taushi yake yi kamar roba, kuma ɗaurinsa bai ƙare ba, don haka inda biyu suka matsu suna iya haɗewa.

Injiniyan Obin ya ƙara:

A nan na ɗan bambanta da Malam Mai Noti. Ga fari mai sheƙi maganarsa daidai ce, kowane tabo zai fito fili. Amma in kayan na ɓoye ne, kamar biraket na bayan kabad, aka yi amfani da baƙar hoda mai gautsin yashi, aka kai gashin farko kusan ƙarshe, aka shimfiɗa su hawa ɗaya ba tsibi ba, tabon ba ya damun kowa. Sai dai ka duba ribar: ƙarfen da ka bari ya huce sai ka sake biyan wutar ɗumama shi daga farko. Wutar da kake son ragewa ta ninku. Abin da ke rage kuɗi da gaske shi ne firam biyu ko uku, ana gasa ɗaya ana rataya ɗaya, obin bai huce ba tsakanin lodi. Biraket 150 zuwa 180 kowane minti 25 ya fi 400 da za a sake goge rabinsu.

Abubuwa uku na yanayinmu su ma suna taɓa fuska. Ƙarfin waya mai zafi yana bin boltej sau kansa ne: in wuta ta sauka daga 230 zuwa 190, kilowat 6 ya koma kusan 4, lodin da ya yi kyau jiya ya fito da ɓawon lemo yau. Sa mitar boltej kusa da obin, in ta yi ƙasa ka rage lodi. In an ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada a buɗe ƙofa kada a motsa kaya, in ta dawo a jira ƙarfe ya koma 200 a cika minti 10. Sai ƙurar hunturu: fanka tana ɗaga duk abin da ke ƙasan obin ta watsa a kan fenti yana ruwa, ya fito da tsakuwa-tsakuwa. A share obin da tsumma mai ɗanshi in ya huce, kuma kada man feshi mai silikon ya kusanci wurin, shi ke kawo ramukan nan masu kama da idon kifi. Hodar kanta kuma ana son ajiye ta ƙasa da digiri 30 a busasshen wuri. A zafin Maris da Afrilu, in kwali ya kwana a shagon kwano, sai ta dunƙule ta fara ƙullewa tun a leda, kuma irin wannan ko an tankaɗe ta ba ta kwanciya sumul. Ka ɗaure bakin ledar bayan kowane aiki, ka ɗora kwalin a kan katako a ɗaki mafi sanyi.